Mai Saɓa Hannu a Kan Titi: Rashin Sani ne, Gaggawa ce, ko Isa?

Jawabin da ɗaya daga cikin marubutanmu ya gabatar a gaban ƴan kasuwa, masu motocin sufuri da ma'aikatan gwamnati a garin Gidigir, cikin gundumar Gure.



Mai girma shugaban wannan zama, iyayenmu hakimai da masu unguwanni, malamanmu, alhazai ƴan kasuwa, shugabannin tasha, ma'aikatan gwamnati, iyayena mata da ƴan uwana matasa, ina gaishe ku gaisuwar ban girma, ina kuma godiya da kuka bar rumfunanku da ofisoshinku kuka zo sauraron ɗanku. Ni ɗan jarida ne, ban taɓa riƙe sitiyarin tirela ba, kuma na san a cikin wannan taro akwai direbobin da suka fara bin hanyar Difa tun ban iya bambanta dama da hagu ba. Saboda haka ban zo koya wa kowa tuƙi ba. Na zo ne mu tattauna a kan wani mutum da kowannenmu ya taɓa yin kiciɓis da shi, wato mai saɓa hannu, wanda yake barin hannunsa ya biyo naka, ya nufo ka gaba da gaba.

Bari in fara da abin da ya same ni, tun da ganau ya fi jiyau. Wata rana dab da magariba ina bisa babur ɗina a birnin Damagaram, na goyo ƙanwata daga makaranta, muna tafe a kan ɗaya daga cikin titunan nan masu hannu biyu da dakali a tsakiya. Ina hannuna, ba na gudu. Kwatsam sai ga wata farar kat-kat ta nufo mu, fitilunta a kunne, a kan hannun da doka ta ba ni. Ban san lokacin da na taka birki ba. Ƙafar baya ta zame a kan rairayin da iska ta tara a gefen kwalta, muka zube ni da yarinyar. Allah ya taƙaita, ƙujewa kawai muka samu, amma motar ta tsaya ne taku uku daga inda kan ƙanwata yake.

Abin da ya fi faɗuwar yi mini ciwo shi ne abin da ya biyo baya. Mai motar ya sauke gilashi, bai ce sannu ba, sai ya ce: "Kai ba ka ga ina ba ka wuta ba?" Wato a ganinsa tun da ya kunna mini fitila ya sauke nauyin da ke kansa, ni ne mai laifi da ban kauce da wuri ba. Ya ja motarsa ya shige wani gida da bai fi taku ɗari daga wurin ba. Jama'a suka taru suka ɗaga mini babur, wani dattijo ya dafa kafaɗata ya ce: "Yi haƙuri ɗana, manya ne."

Jama'a, a kan waɗannan kalmomi biyu nake son mu tsaya yau: manya ne. Dattijon nan da kyakkyawar niyya ya faɗe su, amma a cikinsu ne cutar take. Muddin mun yarda cewa akwai wanda girmansa ya ɗauke masa bin hannu, to, babu alamar da za a kafa, babu dakalin da za a gina, da zai tsare ranmu a kan titi.

Hannu alkawari ne

Me ya sa ma ake da hannu? Babu wata falala da dama ta fi hagu da ita a kan kwalta. Ingila da Indiya da Japan da Kenya duk hagu suke bi, kuma suna isa inda suka nufa. Mu a Nijar dama muke bi, gadon da muka samu daga Faransa. Amfanin hannu ɗaya ne tak: alkawari ne tsakanin mutanen da ba su san juna ba. Lokacin da ka taso daga Gidigir da dare ka nufi Gidimuni, ka hango fitila tana zuwa, ba ka san mai ita ba, ba ka san yarensa ko jam'iyyarsa ba, amma ka ba shi amanar ranka, ya ba ka tasa, bisa sharaɗin kowa zai tsaya a hannunsa. Mai saɓa hannu wannan amana ce yake ci.

Dattawan da suka yi fatauci zuwa Kano kafin 1972 za su tuna cewa a wancan zamani direba yakan sauya hannu da zarar ya ƙetare iyaka, domin Nijeriya hagu take bi irin na Ingila. Ranar 2 ga Afrilu 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, ƙasar baki ɗaya ta koma dama, domin ta daidaita da maƙwabtanta, wato mu da Kamaru da Cadi da Dahome. Gana ta bi sahu a 1974. A Turai kuwa, ƙasar Suwidin ta yi irin wannan sauyi ranar 3 ga Satumba 1967: da asuba aka tsayar da kowace mota, ƙarfe 5 na cika kowa ya koma dama, kuma a watannin da suka biyo baya hatsari raguwa ya yi, saboda kowa yana tuƙi a kan hankalinsa. Darasin a fili yake. Ƙasa mai mutane miliyoyi tana iya sauya hannu a rana ɗaya ba tare da ta halaka ba, in dai kowa ya sauya tare. Mutum ɗaya ne da ya sauya shi kaɗai yake kashe jama'a.

Lissafin karo

Ƴan kasuwa sun fi kowa sanin lissafi, don haka bari mu buga shi tare. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowane sakan. In motoci biyu suka nufi juna da wannan gudu, tazarar da ke tsakaninsu tana raguwa da mita 33 a kowane sakan. Idan ka hango mai saɓa hannu daga nisan mita 100, sakan 3 ke gare ka. Daga cikinsu aƙalla sakan ɗaya zai tafi kafin idonka ya gaya wa ƙwaƙwalwarka, ƙwaƙwalwarka ta gaya wa ƙafarka. Bayan ka taka birki kuma motar za ta ƙara cin wajen mita 20 a kan busasshiyar kwalta, fiye da haka in akwai rairayi ko in tayoyi sun suɗe.

Ƙarfin bugu kuwa ba ya tafiya daidai da gudu, ninkawa yake yi: in ka ninka gudu sau biyu, bugun ya ninka sau huɗu. Wanda ya daki bango yana gudun kilomita 60 a awa daidai yake da wanda ya faɗa busasshiyar rijiya mai zurfin mita 14, wato wajen gaba takwas. In kuwa ƙarami da babba suka haɗu, ƙaramin ne ke ɗaukar mafi yawan bugun. Shi ya sa in babur ya yi karo da tanka, direban tankar yakan sauko da ƙafarsa, mai babur kuma a ɗauke shi a tabarma.

Yanzu mu duba ribar da mai saɓa hannu yake nema. A ce zagayen da yake gudu, wato ya je mahaɗar gaba ya juyo, ya kai mita 500. Mai tafiyar kilomita 30 a awa minti ɗaya cif zai yi ya cinye wannan tazara, kuma man da babur zai sha a ciki bai fi cikin babban cokali ba. Minti ɗaya da cokalin mai, su ne ribar. Jarin da aka zuba kuwa rai ne, nasa da na wasu. Alhazai, wane ne a cikinku zai shiga irin wannan ciniki a kasuwa?

Akwai kuma wanda ba a cika tunawa da shi ba, wato mai tafiya a ƙasa. Yaron da zai tsallaka titi mai hannu biyu an koya masa ya dubi hagu, domin daga nan motoci suke fitowa. Ya duba, ya ga babu kowa, ya sa ƙafa. Mai saɓa hannu ya fito masa ta dama, ta inda bai duba ba. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ya nuna cewa hatsarin hanya yana kashe mutum miliyan 1 da dubu 190 a shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa ƴan shekara 5 zuwa 29. Nahiyarmu ta Afirka ce ta fi kowace asarar rayuka in an kwatanta da yawan jama'a, wajen mutum 19 cikin kowane dubu 100, alhali mu ne muka fi kowa ƙarancin motoci.

Iri uku ne

Masu saɓa hannu ba ɗaya ba ne, kuma magani ɗaya ba zai yi musu ba.

Na farko shi ne wanda bai sani ba. Garuruwanmu sun sauya kama cikin ɗan lokaci. A Yamai an buɗe gadar sama ta Mali Bero a 2013, ta Diori Hamani a 2018. Bikin 18 ga Disamba da aka riƙa zagayawa da shi jihohi ya kawo sabbin tituna: Maraɗi Kwalliya a 2015, Zinder Sabuwa a 2018. An shimfiɗa kwalta, an gina shataletale, amma mutum nawa aka zaunar aka koya wa yadda ake shiga shataletale? Yaron da ya koyi babur a fili bayan gari, ya shiga birni neman abinci da kabu-kabu, bai taɓa jin cewa jan faranti mai farin layi a kwance yana nufin "ba a shiga ta nan" ba. A cikin wannan rukuni har da wanda dare ya ruɗa, da wanda barci ya ɗauka, da wanda ƙwayar tramol ta gusar wa hankali. Jamusawa suna kiran irin wannan mutum direban fatalwa, kuma da zarar an gan shi a babbar hanya gidajen rediyo sukan katse shiri su gargaɗi jama'a.

Na biyu shi ne mai gaggawa. Ya san doka sarai, amma ya ga yanke ya fi masa sauƙi. A nan dole mu faɗa wa kanmu gaskiya, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sau nawa muke hawa bayan ɗan kabu-kabu mu ce masa: "Yanke ta nan, sauri nake"? Sau nawa mai kaya yake matsa wa direbansa lallai ya isa kasuwa kafin ta ci, ko ta halin ƙaƙa? Yaron shi ne a kan sitiyari, amma umarnin daga bakinmu ya fito.

Na uku shi ne mai isa, irin mutumina na Damagaram. Shi bai ɓata ba, kuma ba lallai yana sauri ba. Ya yi lissafi ne ya ga cewa ko an tsayar da shi, waya ɗaya zai buga a sake shi, har a ba shi haƙuri. Wannan shi ne mafi hatsari, domin shi ne malamin sauran. Ɗan kabu-kabun da ya ga babbar mota ta saɓa hannu an sara mata, me zai hana shi gobe? Na farko ilimi yake buƙata, na biyu tsawatarwa, na uku kuwa hukunci, kuma shi ne wanda hukuncin ba ya kai wa gare shi.

In kun yi kiciɓis da shi

Kafin a gyara duniya, sai mun isa gida da ranmu. Ga abin da ya kamata mai tuƙi ya riƙe.

Da farko, a riƙa jefa ido nesa. Yawancinmu muna kallon bayan motar da ke gabanmu ne kawai. Wanda yake duban mita 200 ya sayi sakan 6 maimakon 3.

Na biyu, da zarar ka gan shi, rage gudu kafin komai. Ɗage ƙafa daga mai, ka taka birki da ƙarfi amma ba da fizga ba. Kowane kilomita da ka rage ya ƙara maka lokaci, ya kuma rage ƙarfin bugu in abin ya zama dole.

Na uku, kauce zuwa dama, kada ka kauce hagu. A hanya irin tamu mai hannu ɗaya zuwa, ɗaya dawowa, wanda ya shigo hannunka in ya farga zai koma nasa ne, wato hagunka. In kai ma ka nufi can, kun haɗu ke nan, kuma in jandarma ya zo awo, a hannun wani zai tarar da motarka. In ta kama ka sauka daga kwalta, sauka. Gara rairayi, gara ƙaya, da goshin mota. In ka sauka, riƙe sitiyari da hannu biyu, ka bar motar ta rage gudu da kanta, kada ka fizgo ta ka koma kan kwalta da gudu, domin nan ne motoci suke kifewa.

Na huɗu, danna oda, ka ƙyafta masa fitila, ko mai barci zai farka. Amma da dare kada ka dalle shi da babbar wuta ka bar ta, domin makahon da ka makantar kanka zai faɗo.

Na biyar, a san inda yake ɓuya. A titi mai dakali a tsakiya, motar da ta shigo bisa kuskure takan manne wa dakalin, domin a tunanin direbanta yana damarsa ne. Saboda haka da dare a guji layin da ke jikin dakali sai in za a wuce wani. Mai babur da ya saɓa da gangan kuwa bakin titi yake bi, ta damarka, sau da yawa ba fitila. Don haka a cikin gari, kafin ka karya dama ko ka fito daga lungu, dubi ɓangarorin biyu, ko da titin na hannu ɗaya ne. Haka nan za mu koya wa ƴaƴanmu: hagu, dama, sannan hagu kuma.

Na shida, in Allah ya tsare, kada a sauko a yi dambe a tsakiyar titi, domin motocin baya suna tafe. A riƙe lambar motar, a kai ƙara. Lambar ƴan sanda 17 ce, ta ƴan kwana-kwana 18. In an samu rauni, a fara tare hanya daga nesa ta ɓangarorin biyu, kuma kada a ja wanda ya bugu a wuya ko a baya kamar buhu. Sau da yawa ɗaukar ce take ƙarasa abin da karon ya fara. Ɗamarar kujera da hular kwano kuwa tun daga gida ake sa su, ba a lokacin da aka hango fitila ba.

In kuma kai ne ka sami kanka a hannun da ba naka ba, kada ka ƙara mai don ka fita da wuri. Tsaya a gefe, ka kunna fitilun gargaɗi, ka jira hanya ta yi sarari ka juya. Kunyar minti ɗaya ta fi zaman makoki.

Abin da maƙwabta suka gwada

Masu zuwa Legas sarin kaya sun san yadda ake tsoron abin da can ake kira wanwe. Dokar hanya da gwamna Babatunde Fashola ya sa wa hannu a 2012 ta tanadi ɗauri da ƙwace mota ga wanda aka kama yana saɓa hannu, kuma hukumomin jihar sun sha tura irin waɗannan direbobi asibiti a auna lafiyar ƙwaƙwalwarsu. A watan Satumba na 2022 an yi gwanjon motoci fiye da 100 da kotu ta ƙwace, wasu masu su suna tsaye suna kuka. A farkon Janairu na 2024 gwamna Babajide Sanwo-Olu da kansa ya tsayar da ayarinsa a kan hanyar Badagiri, ya sa aka kama masu babura da ke saɓa hannu. Ɗaya daga ciki ya ce shi soja ne, gwamnan ya nuna masa cewa wannan ma ƙarin dalili ne na a tsare shi. A Kano an kafa hukumar KAROTA a 2012 domin lura da zirga-zirga a cikin birni.

Ba ina cewa mu kwafo dokar Legas ba ne. Ƙwace motar da talaka yake ci da iyalinsa hukunci ne mai nauyi, kuma duk da tsananin, ba a daina saɓa hannu a Legas ba. Abin da na ɗauka daga can shi ne: tsananin hukunci bai kai tabbacinsa amfani ba. Tarar jaka biyar da kowa ya san ba makawa sai ya biya, da rasiɗi, ko shi wane ne, ta fi ɗaurin shekara da ake iya sayewa da kuɗin goro a bakin titi. Mu ma muna da dokar hanya, muna da hukumar kiyaye hatsari ta ANISER, muna da ƴan sanda da jandarmomi. Takarda ba ta yi mana ƙaranci ba.

Ina Gidigir a cikin wannan magana?

Wani zai ce: mu nan ba mu da gadar sama, ba mu da titi mai dakali, me ya haɗa mu da wannan zance? Abubuwa biyu. Na ɗaya, ku matafiya ne. Motocinku suna shiga Damagaram da Maraɗi da Yamai da Kano, ƴaƴanku ne suke kabu-kabu a can, kuma halin da suka koya a gida shi suke tafiya da shi. Na biyu, babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya, wadda ta taso daga Yamai ta dangana da Ngigmi, ta nan ta ratsa. Sashenta na gabas, daga Gure zuwa Ngigmi, an gina shi da taimakon Kanada a farkon shekarun 1970, aka kira shi hanyar haɗin kai. Tun da aka fara haƙar man Agadem, aka buɗe matatar SORAZ a 2011, manyan motoci suka ƙaru a kanta.

A irin wannan hanya saɓa hannu yana da tasa kama. Duk inda rairayi ya cinye rabin kwalta ko rami ya buɗe, direba yakan koma hannun wani, wani lokaci a kan tudu ko kwana inda ba ya ganin gabansa. Mai wuce tirela yakan daɗe a hagu fiye da yadda ya zata. Ranar kasuwa kuwa, in aka jera motoci da amalanke da buhuna a kan kwalta, hanyar ta koma layi ɗaya, mu da kanmu muka tilasta wa kowane mai wucewa ya saɓa hannu a tsakiyar mata da yara.

Saboda haka ina da roƙo, kuma ba ya buƙatar kuɗin Bankin Duniya. Ga ƙaramar hukuma da shugabannin tasha: a keɓe wurin lodi da sauke kaya nesa da kwalta, a riƙa kwashe rairayin da ya hau hanya a mashigar gari, a sa alamu, a kuma tsare su daga masu cire ƙarfe. Ga masu motoci: kada a ba yaro makulli sai an ga takardarsa ta tuƙi, kuma kada a yanka masa lokacin da ba zai isa ba sai da ganganci. Ga malaman makaranta da limamai: minti biyar a mako ya isa a koya wa yara da manya ma'anar alamu da tsallaka titi, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ga fasinja: in mai babur ya karkata zai saɓa hannu, ka ce ya tsaya ka sauka. Ranar da ya rasa fasinja uku a jere, ya daina.

Ga ƴan uwana ma'aikatan gwamnati kuwa, roƙona ya fi nauyi. Motar da aka ba ku ta jama'a ce, da harajin waɗannan ƴan kasuwa aka saye ta, ya kamata ta zama ta farko wajen bin hannu. Kuma in an kama ɗanku ko ƙaninku ko direbanku, ku bar wayar a aljihu. Duk wayar da aka buga a saki mai laifi, an gaya wa ƙaramin ɗan sandan da ya tsaya a rana cewa aikinsa banza ne, kuma gobe ba zai ƙara ɗaga hannu ba.

Iyayena, lokacin da aka buɗe babban taron ƙasa a Yamai ranar 29 ga Yuli 1991, ƙarƙashin jagorancin Farfesa André Salifou, ɗan wannan jiha tamu, ni ina goye a bayan mahaifiyata. Amma na girma ina jin kalmar da aka fi maimaitawa a zamanin, wato ƙasa mai bin doka, inda babba da yaro suke daidai a gabanta. Yawancin talakawa ba za su taɓa shiga kotun ƙoli ba, ba za su karanta tsarin mulki ba. Inda suke haɗuwa da doka kullum safiya shi ne kan titi. In a can suka ga cewa hannu na marasa gata ne, to, duk abin da aka rubuta a Yamai ba zai shiga kunnensu ba.

Har yau ƙanwata in za ta tsallaka titi sai ta dubi dama sau biyu. Ni kuma har yau ina da-na-sanin abu ɗaya: ban rubuta lambar motar nan ba. Da aka ce mini manya ne, sai na yi shiru na karkaɗe wandona na tafi, na bar shi ya je ya sami wani. Kada ku yi irin nawa. Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara. Mu a nan minti ɗaya kawai ake roƙonmu.

Allah ya kiyaye mana hanya, ya kai kowa gidansa lafiya.